Rabon Kuɗin Ilimi: Ɗan Daddara Ya Cancanci Kaso Mafi Tsoka



Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya da hantsi ya san abin da zai tarar in mota ta tsaya a Daddara. Kafin direba ya gama taka birki yara sun yanyame tagogi, wannan da farantin gyaɗa, waccan da bokitin awara, wancan da ruwan leda, a daidai lokacin da ya kamata a ce suna zaune a aji malami na gabansu. Wanda ya zarce har Magama, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, zai ga yayyensu 'yan shekara goma sha suna dakon kaya ko suna tura baro. Fasinja zai sayi gyaɗa, ya girgiza kai, ya ce ai iyayen yaran nan ba su san darajar ilimi ba. Mota ta tashi, magana ta wuce.

Mu a wannan jarida ba mu yarda maganar ta tsaya nan ba. Iyaye suna da nasu laifin, kuma za mu zo kansa. Amma kafin a ɗora wa talaka bawan Allah laifi gaba ɗaya, ya kamata a dubi makarantar da ake cewa ya kai ɗansa, a dubi kuɗin da hukuma ke kashe mata, a kuma dubi ma'aunin da aka auna aka ba ta wannan kuɗi. Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, yadda ake raba kuɗin ilimi a ƙasar nan, daga Abuja zuwa jihohi, daga jiha zuwa makarantu, ba ya duban nauyin da yaro ke ɗauke da shi. Karantar da yaron Daddara, Bugaje, Riko ko Gurbin Ɓaure ya fi tsada a kan karantar da ɗan ma'aikaci a cikin birnin Katsina, saboda haka wajibi ne kasonsa ya fi yawa, kuma a rubuta hakan a doka yadda ba sai an yi kamun ƙafa ba.

Bari mu ɗauki yaron da aka rubuta sunansa a aji ɗaya a ƙasar Jibiya a 2019, wanda a bisa lissafi ya kamata ya gama firamare a 2025, mu bi shi mu ga abin da ya faɗa masa cikin shekarun nan shida.

A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A watan Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakokin a Disamba 2020 ba a sa da ta Jibiya ba, sai a Afrilu 2022. Mutane ba su gama mayar da numfashi ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris 2024. Jama'ar da abincinsu ya rataya a kan zirga-zirgar Jibiya, Ɗan Isa da Maraɗi, direba ne ko ɗan dako, mai shayi ne ko mai sayar da abinci a tasha, sun wayi gari kasuwarsu ta mutu. Uban da ya rasa abin cefane ba zai sayi littafi da fensir ba. Ɗora wa 'yarsa talla zai yi, ko da ransa ba ya so.

A watan Maris 2020 cutar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. 'Ya'yan masu hali sun ci gaba da karatu a gida ta waya da kwamfuta, yaronmu kuwa ya koma gona. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, bayan kwana shida aka sako 344, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana. A ƙarshen Agusta 2021 aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya. A Maris 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibiya da yara goye da na hannu, aka tsugunar da su a makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ɗakin da aka gina don karatu ya zama makwancin 'yan gudun hijira, yaran da suka gudo ba su samu karatu ba, masu makarantar ma ba su samu ba. Tun a 2019 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallaka Jihar Maraɗi. A Nuwamba 2025 kuma, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, gwamnatin Katsina ta sake ba da umarnin rufe makarantu.

Ga kuma yunwa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a Katsina, Jibiya da Mashi, ta bayyana cewa yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a wata shida na farkon 2025. Waɗanda Allah Ya raya a cikin tsaransu su ne za su shiga aji ɗaya nan da shekara uku ko huɗu, da jikin da yunwa ta riga ta taɓa. Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2016, wanda aka ware wa kowane yaro Naira 70 a rana, an dakatar da shi a Janairu 2024, bayan cire tallafin man fetur na Mayu 2023 ya riga ya ninka farashin kwanon masara.

To, jama'a, wannan shi ne yaron da ake so ya zauna jarrabawa iri ɗaya, rana ɗaya, da ɗan da ake kai wa makaranta a mota. A farkon 2025 an yi zaman sulhu a ƙasar Jibiya da 'yan bindigar yankin. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan sulhun, ba zai mayar wa yaron nan zangon karatun da ya rasa ba. Wannan sai malami, sai lokaci, sai kuɗi.

Yanzu mu duba yadda kuɗin ke tafiya. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, ta kuma gindaya cewa kafin jiha ta karɓi kuɗin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Tsarin rabon da aka ɗauka a 2008 ya ware rabin kuɗin, wato kashi 50, ga wannan tallafi na gine-gine, a raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja. Kashi 14 ne kawai aka ware don cike giɓin da ke tsakanin yankuna, yara masu buƙata ta musamman, makafi da kurame da guragu, aka ba su kashi 2.

Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum kusan miliyan 5.8, ta ba Jihar Bayelsa kusan miliyan 1.7. In aka miƙa wa kowace jiha Naira ɗari, abin da zai faɗa kan yaron Bayelsa ya ninka na yaron Katsina fiye da sau uku. Ba muna jin haushin 'yan uwanmu na Bayelsa ba ne, su ma suna da tasu wahalar, akwai yaran da sai sun shiga kwalekwale suke kai wa makaranta, kuma tsarin adalci zai duba musu wannan. Abin da muke nunawa shi ne an ɗauki jiha a matsayin ma'auni, alhali jiha ba ta zama a kan benci, yaro ne ke zama. Sharaɗin ajiye kwatankwacin kuɗi kuwa ya sa biliyoyin Naira sun yi ta kwana a asusun hukumar shekara da shekaru, saboda gwamnoni da yawa sun ƙi ajiye nasu, yaran jihohinsu suka biya bashin laifin da ba su yi ba. A nan dole mu yi wa Katsina adalci: a ƙarshen 2024 hukumar ta bayyana cewa Katsina da Kaduna ne kaɗai suka fara karɓar kason wannan shekara.

Sai dai karɓo kuɗi daga Abuja rabin tafiya ne. Tambayar ita ce, in sun iso Katsina, da wane mudu ake auna su tsakanin ƙananan hukumomi 34? Mafi yawan kuɗin da ake kashewa a ilimin firamare albashin malamai ne, ana cire shi daga kason ƙananan hukumomi. Ma'ana, inda malami yake nan kuɗin gwamnati yake. Kowa kuma ya san yadda ake yi. Malamin da aka tura ƙauye mai nisa, inda babu gida, babu ruwa, ga tsoron a tare shi a hanya, zai nemi wani babba ya sa baki a dawo da shi gari. Ba mu ga laifinsa sosai ba, shi ma rai gare shi, yana da iyali. Amma sakamakon shi ne makarantar cikin gari ta tara malamai har wasu suna zaman jiran darasi, ta ƙauye kuma malami biyu ko uku suna fama da aji shida. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. A je a leƙa aji ɗaya a ƙauyukanmu a ƙirga kawunan da ke zaune a ƙasa. Ta wannan hanya, ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba, abin da ake kashewa kan ɗan birni ya zarce abin da ake kashewa kan ɗan ƙauye, wanda ya fi shi buƙata. An zuba ruwa a kan teku, an bar fako yana tsagewa.

Haka batun gine-gine. Sabon ajin da za a gina, rijiyar burtsatse, katanga, makewayi, sau da yawa sukan bi sawun garin da ya haifi kwamishina ko ɗan majalisa, ko garin da ke bakin titi inda mai wucewa zai ga fenti. Ƙauyen da ba shi da ɗa a gwamnati sai ya yi ta rubuta takardar koke. Wannan ciwo ba na jam'iyya ɗaya ba ne, ya girmi duk jam'iyyun da ke fage yau. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ake wannan tafiya, shi ya sa har yau ake ganin azuzuwan wancan zamani a ƙauyuka, rufi ya yaye, bango ya tsage.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 ta hanyar jarrabawa, ta tura 'ya'yan makarantun gwamnati karatu Masar da Sin, ta kuma ɗauko gina makarantu na musamman a Raɗɗa, Jiƙamshi da Dumurkul. Ba mu raina waɗannan ba. Amma makaranta ta musamman da tallafin karatun waje na wanda ya ci jarrabawa ne, kuma wanda ya ci jarrabawa shi ne wanda ya samu malami tun aji ɗaya. Yarinyar da ta gudo daga Shimfiɗa tana aji uku, ta shekara biyu ba ta ga allo ba, ba za ta kai ƙofar ɗakin jarrabawar ba balle ta ci. Shirin AGILE na karatun 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ya gwada tura kuɗin gyara kai tsaye ga kwamitocin makarantu, kuma dabara ce mai kyau. To amma bashi ne, yana da ranar ƙarewa. Ba a gina tarbiyyar al'umma a kan rance.

Abin mamaki shi ne, gwamnati ta riga ta yarda da hujjarmu a wani fage. Da aka zo maganar tsaro, ba a ce a raba dakaru daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi 34 ba. An ware guda takwas da ke bakin daga, Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, kuma da aka kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoba 2023 da su aka fara. Babu wanda ya ce an zalunci Daura ko Mai'aduwa. Wai shin, in hankali ya yarda a kai bindiga inda wuta ta fi ci, me zai hana ya yarda a kai malami da alli can? Yaron da aka bari ba karatu ba sana'a a gefen daji, ai shi masu ɗauke da makamai ke zawarci. Kuɗin da aka ƙi kashewa a aji yau, gobe za a kashe ninkinsa a harsashi da kuɗin fansa.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka ne don son zuciya ba. Wasu za su ce raba daidai shi ne zaman lafiya, da zarar an fara fifita wani yanki to an buɗe ƙofar rigima da son kai. Amsarmu ita ce fifikon yana nan ana yin sa tun tuni, a ɓoye, kuma mai ƙarfi ake fifitawa. Abin da muke nema shi ne a fito da ma'aunin fili, a rubuta shi, ya hau kan kowa. Maraya a Funtuwa da maraya a Daddara kasonsu ɗaya. In marayu da 'yan gudun hijira sun fi yawa a Jibiya, kuɗin zai fi zuwa Jibiya, in gobe Allah Ya kawo sauƙi lissafin ya sauya da kansa. Uwar da ke da 'ya'ya biyar, ɗaya na kwance ba lafiya, in ta saya masa magani ta dama masa kunu na daban, wane mai hankali ne zai ce ta zalunci sauran huɗun?

Wasu za su ce ko an ƙara kuɗin sacewa za a yi. Wannan tsoro ne na gaskiya, mun ga azuzuwan da aka biya kuɗinsu ba a gina ba, mun ji labarin malaman bogi. Amma ɓarawo duhu yake so. Kuɗin da aka san adadinsa, aka liƙa a ƙofar makaranta cewa ga ɗalibai kaza, ga Naira kaza da ta shigo a wannan zango, ya fi wuyar sata a kan kuɗin da ke yawo a cikin fayil a hedikwata. Ba a hana mara lafiya magani don ana zargin mai kanti, gyara kantin ake yi.

Wasu kuma za su ce mutanen ƙauye ne ba sa son boko. Akwai masu wannan hali, ba mu musa ba. Amma mutumin da ke tura ɗansa makarantar allo da asuba, ya biya kuɗin Laraba, ya tura 'yarsa Islamiyya da yamma ya saya mata hijabi da littafi daga ɗan abin da ya samu, ba za a ce masa maƙiyin ilimi ba. Ya ga inda ake karantarwa ne ya kai. In ya tura yaro makarantar gwamnati shekara huɗu ya ga ko sunansa bai iya rubutawa ba, to ya yi lissafin da duk ɗan kasuwa zai yi. A gyara makarantar a gani in ba za ta cika ba.

Abin da muke kira gare shi ba baƙon abu ba ne a duniya. Faransa, wadda maƙwabtanmu na Nijar suka gaji tsarin karatunta, tun 1981 ta ware unguwannin talakawa ta ƙara musu malamai da kuɗi. Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata ta kasa makarantunta gida biyar gwargwadon talaucin unguwa, mafi talauci su ke samun kaso mafi girma a kan kowane ɗalibi, daga 2007 kuma aka ɗauke musu kuɗin makaranta. Barazil, mai tsarin tarayya irin namu, ta kafa asusu a 1996 wanda kuɗi ke bin yawan ɗaliban da aka rubuta, aka yanka mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane yaro, jihar da ta gaza gwamnatin tarayya ta cika mata, daga baya aka ƙara wa ɗan ƙauye nauyi a ma'auni. Ingila ma da arzikinta ta fara biyan makarantu ƙarin kuɗi a kan kowane ɗan talaka a 2011. Babu ɗaya daga cikinsu da ta gama magance matsalarta, amma duk sun daina yaudarar kansu cewa rabon daidai shi ne adalci.

Ba ma sai mun tsallaka teku ba. Musulmi ya san zakka ba a kan kowa da kowa ake watsa ta ba, tana da waɗanda aka ambata, kuma mabuƙata ne a gaba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ba ta zauna jiran matan ƙauye su iso birni ba, ta naɗa jajis ta tura su har inda matan suke, abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta fahimci cewa wanda ya fi nisa da ilimi shi ya fi cancantar a taka a je masa. Katsinar da ke alfahari da Gobarau, da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da kwalejin da aka buɗe a 1922 wadda ta yaye shugabannin Arewa na farko, bai kamata a ce tafiyar ƙasa da awa guda daga ƙofar birninta yara na girma ba su san baƙi ba. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ma ya ɗora wa gwamnati samar da dama iri ɗaya ta ilimi ga kowa, kuma ba a samun dama iri ɗaya tsakanin mai takalmi da mai tafiya a kan ƙaya sai an fara share ƙayar.

Don haka muna kira ga mahukunta da waɗannan abubuwa.

Na farko, Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta yi doka da za ta yanka kuɗin da kowace makarantar gwamnati za ta samu a kan kowane ɗalibi duk zangon karatu, sannan a ɗora ƙari a kan maraya, ɗan gudun hijira, mai naƙasa, 'ya mace da ta kai sakandare, da makarantar da ke nesa ko a yankin da ake fama da rashin tsaro. Kuɗin ya shiga asusun makarantar kai tsaye ƙarƙashin kwamitin iyaye da malamai.

Na biyu, a ƙirga yaran da gaskiya, har da waɗanda ba sa zuwa makaranta, domin in rajistar aji kawai aka bi, ƙauyen da yaransa suka watse shi za a sake hukuntawa. Masu unguwanni, dagatai da limamai sun san kowane gida, a yi aikin da su, a kuma hukunta duk wanda ya yi aringizo.

Na uku, a raba malamai bisa yawan yara, a biya wanda ya yarda ya zauna a ƙauye alawus mai kauri da wurin kwana. Ranar 5 ga Oktoba 2020 Shugaba Buhari ya yi wa malamai alkawura, ciki har da alawus na aikin karkara. Ƙarin shekarun ritaya ya zama doka a 2022, amma ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kokawa cewa sauran ba su kai aljihun malami ba. Jiha ba ta buƙatar jiran Abuja a kan wannan. A kuma ɗauki 'ya'yan yankin, musamman mata, a horar da su, don ɗan gari ba ya neman canjin wurin aiki zuwa birni kamar baƙo.

Na huɗu, a dawo da abincin rana a makarantun ƙananan hukumomin da ke bakin daga da kuɗin jiha, a sayi hatsin a hannun manoman wurin. A kuma buɗe azuzuwan cike giɓi ga yaran da gudun hijira ya cinye musu shekaru, don kada a zaunar da ɗan shekara 13 cikin 'yan shekara bakwai kunya ta kore shi. Inda makarantar allo ko Islamiyya ce kaɗai ke tsaye a ƙauye, a zauna da malaminta, a tura mai koyar da lissafi da karatun boko a lokacin da aka yi yarjejeniya.

Na biyar, sanatoci da 'yan majalisar tarayya na Katsina su haɗa kai da takwarorinsu a gyara dokar 2004, yadda rabon zai bi yawan yara da buƙatarsu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara sa wannan ya zama na gaggawa, domin in aka bar kowace ƙaramar hukuma da nauyin malamanta ba tare da asusun cike giɓi ba, mai rauni ce za ta fara durƙushewa.

Daga ƙarshe, gare mu 'yan uwa. Wanda ya ɗora wa 'yarsa talla alhali yana da halin barin ta ta je aji, ya ji tsoron Allah, amana ce a wuyansa. Attajiran da suka yi arziki da wannan iyaka su tuna da garuruwan da motocinsu ke ratsawa. Matasan da Allah Ya ba ilimin sakandare ko na Islamiyya, kowa ya ɗauki yara goma a zauren gidansu da yamma. Tun Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai bi ta Jibiya, aikin kusan dala biliyan biyu. In ba mu tashi ba, ranar da jirgin zai fara tafiya, wasu ne za su zama direbobi da injiniyoyi da akawu, 'ya'yanmu kuma su koma tallar gyaɗa a tagoginsa. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a a Daddara, kafin a karɓi atamfa da sabulu a tambaye shi malamai nawa ne a makarantar garin, yara nawa ne, kuma Naira nawa zai sa doka ta ba kowannensu. In ya kasa amsawa, a ce ya je ya ƙirgo.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya shirya mana zuriya.